Ɗalibai Baƙi a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure: Rajistar Shigowa da Sanarwar Tafiya

Gabatarwa



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya mayar da Kura da Bunkure da Garun Malam wurin noma rani da damina. Inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir haka, ba a rasa masu zuwa koyo da bincike. Ga tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, ga kuma Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Wannan takarda ta duba abin da doka ta ɗora wa ɗalibi baƙo idan karatunsa ya kawo shi gonakinmu. Hujjarta ita ce ba a kyauta a bar masa nauyin rajista da sanarwar tafiya shi kaɗai ba. Makarantar da ta gayyato shi ce ya kamata ta riƙe ragamar.

Abin da doka ta tanada

Dokar Shige da Fice ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, da ƙa'idojin aiwatar da ita na 2017, su ne ginshiƙi. Ɗalibin da ya fito daga wajen ƙasashen ECOWAS sai ya samu biza kafin ya taso, idan ya iso kuma ya nemi katin izinin zama da ake kira CERPAC. Ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya buƙatar biza, albarkacin yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, amma damar ta kwana 90 ce kawai. Idan zamansa zai wuce haka, sai ya nemi katin zama.

A watan Yulin 2019 gwamnati ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, wadda ta hau kan duk baligin da zai wuce kwana 90 a ƙasar. Ƙa'idojin sun kuma buƙaci baƙo ya sanar da hukuma idan ya sauya mazauni. Daga watan Mayun 2025 aka mayar da cike katin shigowa da na fita ta intanet, aka kuma sanar da tarar dala 15 a kan kowace ranar da mutum ya ƙara bayan ƙarewar izininsa.

Inda gizo ke saƙa

Mu ɗauki misalin ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram da ya zo gwajin irin alkama. Ana shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, domin a ci moriyar sanyin hunturu, ana girbi wajen Maris. Kafin alkama ta nuna, kwana 90 sun cika. Shi kuwa hankalinsa na kan ranar da za a sako ruwa a kwalbati, da auna tsayin tsiro, da korar tsuntsaye. Hausarsa tsaf, shigarsa irin tamu, ya kama ɗaki a Kura, yana sallah a masallacin unguwa. Ba wanda ke kallonsa a matsayin baƙo, shi ma ya daina ɗaukar kansa haka. Sai ranar da aka tsayar da motarsu a shingen bincike a hanyar Kano zuwa Zariya, jami'i ya leƙo ya ce, "Malam, ina takardunka?" Katin makaranta ba izinin zama ba ne, kuma adireshin da ya bayar na ɗakin kwanan ɗalibai ne a cikin birni, alhali ya yi watanni yana kwana a Kura.

Matsayin ɗan Nijar ma ya ƙara sarƙaƙiya. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa. Wannan rangwame ne na wucin gadi, don haka wanda ke da rajista da katin zama ya fi kowa kwanciyar hankali duk ranar da aka sauya magana.

Tafiya ba sallama

An fi sakaci a wajen fita. Ɗalibi ya kare kundinsa, ya ɗaure jaka, ya hau mota zuwa Maigatari ko Jibiya ko Kwangwalam. Wani lokaci direba ya ratse ta ɓarauniyar hanya don gudun jinkiri, fasfo ya rasa tambarin fita. A kundin hukuma wannan mutum yana nan cikin ƙasa, kwanakinsa na taruwa. Ranar da zai dawo karɓar shaidar digiri ko neman ƙarin karatu, sai ya tarar da laifin da bai san ya yi ba. Makaranta ita ma ba za ta iya faɗin ko ya tafi ko yana nan ba.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, tun 2003 makarantu ne ke shigar da bayanan ɗalibai baƙi a rumbun SEVIS, kuma dole ɗalibi ya sanar da sauyin adireshi cikin kwana 10. A Indiya, inda 'ya'yan Kano da yawa ke karatu da tallafin gwamnatin jiha, mai bizar da ta wuce kwana 180 sai ya yi rajista cikin kwana 14 da isowarsa, makaranta da masauki kuma kowa na cike nasa fom. Wanda ya yi sakaci yakan maƙale sai ya samu izinin fita. Ingila ta soke rajista a ofishin 'yan sanda a 2022, amma ta bar wa jami'o'i nauyin kai rahoto idan ɗalibi ya daina halartar karatu. A duk ukun, makaranta na da hannu dumu-dumu.

Amfanin sanin inda ɗalibi yake ya fito fili da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023. Ɗalibanmu sun kwashe kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Ba a iya ceton wanda ba a san da zamansa ba.

Shawarwari

Na ɗaya, kowace jami'a ko cibiya ta ware jami'i guda mai riƙe da jadawalin ranar shigowar kowane ɗalibi baƙo da ranar ƙarewar izininsa, ya tunatar da shi wata guda kafin lokaci.

Na biyu, kada malami ya tura ɗalibi aikin gona na watanni sai da wasiƙa mai ɗauke da sunan gari da tsawon zama, kofi ɗaya zuwa ofishin shige da fice na ƙaramar hukuma, ɗaya zuwa ga dagaci. Hausawa sun ce baƙon da bai yi sallama ba mugu ne, kuma kai baƙo gaban mai unguwa ba sabon abu ba ne a wurinmu.

Na uku, a sa sanarwar tafiya cikin takardar sallamar ɗalibi, kamar yadda ake neman sa hannun ɗakin karatu da ofishin kuɗi.

Na huɗu, hukuma ta fitar da ƙa'idojin da Hausa da Faransanci, a karanta su a makon tarbar sababbin ɗalibai.

Kammalawa

Babu ɗaya cikin waɗannan matakai da ke buƙatar sabuwar doka ko kuɗi masu yawa. Abin da ake nema shi ne makaranta da hukuma da masu sarauta su raba aikin a rubuce, kowa ya san nasa, tun kafin a fara shukar rani mai zuwa.