Aikin da bai kai iyawarka ba



Da na gama lisans, an tura ni bautar ƙasa a wani biro. Shekara 3 ina koyon lissafi da tsara kasafin kuɗi, amma aikin da aka ba ni shi ne in rubuta lambar takardun da suka shigo cikin wani babban littafi, in buga hatimi. Kafin ƙarfe 10 na gama. Sauran yinin shayi ne da Facebook. Abokaina cewa suke na dace. Ni kuwa kowace safiya ƙafata nauyi take yi, alhali ban yi aikin da zai gajiyar da ni ba.

Ƙanwata malamar kwantiragi ce a ƙauye, ita tata matsalar daban. An ba ta aji maƙil da yara bayan ɗan guntun horo, kuma ba ta da ta cewa a kan komai. Ni aiki ya raina ni, ita ya fi ƙarfinta, amma dukanmu mun fara ƙin Litinin.

Wani masani ɗan Amurka, Robert Karasek, ya yi bayanin wannan tun 1979. Ya ce a dubi abu biyu: nauyin da aiki ke ɗora maka, da damar da aka ba ka ta yin amfani da basirarka, ka yanke shawara da kanka. Nauyi da yawa ba dama, damuwa ce mai iya taɓa lafiya. Ba nauyi ba dama, sai mutum ya yi sanyi, abin da ya iya ma ya riƙa zubewa. In nauyi da dama suka haɗu, nan ake koyo.

Ku leƙa wurin masu gyaran waya a Kasuwar Dole ta Damagaram. Kowace waya da irin ciwonta, mai gyara shi ke neman bakin zaren, in ta kama kuma a gabansa take kamawa. Ba na cewa albashi ba komai ba ne, wallahi yunwa ba ta jin wa'azi. Amma ku dubi fuskarsa lokacin da allon ya haska.

Ni dai daga baya na roƙi shugaban biro ya bar ni in mai da lissafin kuɗin mai na motoci cikin Excel. Sau biyu yana cewa "ba aikinka ba ne, yaro". A na uku ya miƙo mini takardun. Ranar sai da mai gadi ya zo ya ce zai rufe ƙofa.