Gidan Gilashin Turawa Da Itatuwan Bayan Gidanmu: Jawabi A Taron Ƙungiya, Bagadaza



Abin da aka ɗora mana mu yi bayani a kai shi ne shawarar da aka kawo, cewa ƙungiya ta riƙa kai yaranmu ziyara lambun tsirrai lokacin hutun makaranta. Mun ji wasu daga cikin iyaye suna cewa, yanzu itace ma sai an ɗauki mota an je kallonsa? Tambayar tana bisa hanya, kuma ita za mu yi ƙoƙarin amsawa.

Da farko, lambun tsirrai ba irin lambun da muka sani na bakin rafi ba ne, inda ake noman tumatir da albasa don kai wa kasuwa. Wuri ne da ake tara itatuwa da ciyayi iri-iri, a kafa wa kowanne allo mai ɗauke da sunansa da danginsa da ƙasar da ya fito, domin nazari da adana iri. A ƙasashen sanyi kuwa, tun da itatuwan ƙasashen zafi ba za su rayu a fili ba, sai a gina musu gida na ƙarfe da gilashi a tsakiyar birni, mutane su biya kuɗi su shiga kallo.

Wanda ya fi shahara shi ne lambun Kew da ke birnin Landan a Ingila, wanda aka kafa a shekarar 1759. A cikinsa akwai wani ƙaton gidan gilashi da aka gina tsakanin 1844 da 1848, mai fallayen gilashi wajen 16,000. Me aka ajiye a ciki? Kwakwar manja, da ayaba, da koko, da itacen roba, wato abubuwan da duk wanda ya taɓa zuwa kudancin ƙasar nan ya gani a bakin hanya. Akwai wani kuma da aka buɗe a 1987, wanda aka raba shi kashi goma, kowane kashi da yanayinsa, tun daga busasshiyar hamada har zuwa kurmi mai laima. Na uku, da ya fi su girma, an rufe shi shekara biyar ana gyara, aka kashe masa fam miliyan 41 kafin a sake buɗe shi a 2018. To jama'a, duk wannan dukiya a kan ganye aka kashe ta.

Yadda gidan ke aiki ba wani sihiri ba ne. Kowa ya san abin da ke faruwa idan aka bar mota a rana an rufe gilasanta. Haske yana ratsa gilashi ya ɗumama abin da ke ciki, iskar da ta ɗumama kuma ba ta da hanyar fita. Idan hunturunsu ya yi tsanani, sai su ƙara da bututun ruwan zafi, su riƙa fesa ruwa don a samu laima. Kun ga ke nan mu a Gombe, inda zafin watan Maris da Afrilu kan kai digiri 40, idan muka rufe shuka a gidan gilashi dafa ta za mu yi. Shi ya sa a Singafo, wadda ita ma ƙasar zafi ce, gidajen gilashin da suka buɗe a 2012 sanyaya su ake yi da na'ura. Abin da ya dace da mu a nan shi ne rumfar raga, wadda ke rage kaifin rana, ta tare ƙwari da tsuntsaye, iska kuma ta wuce abinta.

Kada wani ya ɗauka wauta ce ta sa Bature yin wannan wahala. A shekarar 1848 aka dasa kwakwar manja guda huɗu kacal a lambun tsirrai na Bogor, a tsibirin Jaba na ƙasar Indunusiya. Ita wannan kwakwa asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce. Daga irin waɗannan huɗun aka yi ta yaɗawa, har ga shi yau Indunusiya da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya, mu masu abin muna saye daga waje. Wanda ya san darajar iri ya adana shi, shi ke cin moriyarsa.

Mu Hausawa ma muna da hannu a wannan ilmi, ko da yake da yawanmu ba su sani ba. Wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna J. M. Dalziel ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa, ya tattara tsirrai a ƙasar Sakkwato da ƙasar Katagum, ya aika da su Kew. A 1916 ya buga littafi sukutum na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da wani babba a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Daga ina ya samo sunayen? Daga bakin manoma da maharba da masu magani da tsofaffin mata, wato kakanninmu. Ilmin yana can a rubuce a Landan, masana na buɗawa har gobe. Mu da muka gada, a tara yaran Bagadaza goma a nuna musu ganyen marke da na kanya da na taura, mu ga nawa za su bambance.

Wannan shi ne ainihin abin da ke damunmu. Ku dubi sunayen unguwannin garuruwan da iyayenmu suka baro: Kurna da Giginyu da Tsamiyar Boka a Kano, Rimin Tsiwa a Zariya, Gawon Nama a Sakkwato. Kai, nan cikin Gombe ma ga unguwar Landan Mai Ɗorawa. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye da itace suke gane wuri, a gindinsa suke cin kasuwa, da saiwarsa da ɓawonsa suke magani. Yau gari ya faɗaɗa, musamman tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha a 1996. An yanka gonaki an yi filaye, abin da ya tsira daga mai gini kuma ya faɗa hannun mai gawayi. Abin da ya cika titunanmu shi ne darbejiya, wadda ita ma baƙuwa ce daga Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Barno. Ba mu raina inuwarta ba, amma ba ta ba da daddawa, ba ta ba da man kaɗe, ba ta ba da miyar kuka. Sa'an nan kowa ya ga yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwannin garin nan duk damina. Ƙasarmu mai rairayi ce, idan babu saiwar da za ta riƙe ta, ruwa zai tafi da ita har da gidan da ke kanta.

To ina za mu kai yaran? Ba sai mun je Landan ba. Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, wadda aka kafa a 2004, tana da lambun tsirrai inda ɗalibai masu nazarin halittu ke gwaje-gwajensu. A kan hanyar Biu akwai gandun dajin Kanawa, inda za a ga manyan itatuwa a tsaye wuri guda. Gaba kaɗan, ƙasa da kilomita 40 daga nan, ga Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa, wadda aka kafa a 2002, inda ake koyar da renon dashe da auren itace, wato dabarar da ke ba mu mangwaro da lemo mai aure. Duk waɗannan wurare na hukuma ne, saboda haka sai sakatare ya rubuta takardar neman izini tun da wuri, ya kuma roƙi a haɗa mu da malamin da zai yi wa yara bayani.

Game da tsarin tafiyar, ga abin da muke ba da shawara. A tafi ƙarshen damina, cikin Satumba ko Oktoba, lokacin da itatuwa ke da ganye, a kuma yi sammako. Kada yara su wuce ashirin a tafiya ɗaya, don in sun yi yawa abin ya zama yawon shan iska. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, ya kwafi abin da ke jikin allo, ya zana ganyen. A ja musu kunne sosai: ba a tsinkar fure, ba a karya reshe, ba a kai komai baki, domin akwai masu guba. Abu mafi muhimmanci, kowace mota a sa dattijo ɗaya da gyatuma ɗaya. Malamin jami'a zai ce Adansonia digitata, Baba zai ce kuka ce, Inna kuma ta faɗi yadda ake shanya ganyen a inuwa don kada ya yi fari. Idan da hali a gayyaci maƙwabtanmu Fulani da Terawa da Tangale, su ma su faɗi nasu sunan. Yaron da ya san kuka ita ce ɓokki, tsamiya ita ce jaɓɓi a bakin Bafulatani, ya ƙaru da abin da ya wuce ilmin itace.

Amma fa gani kawai ba zai wadatar ba. In an dawo, muna roƙon ƙungiya ta nemi ɗan fili a harabar makarantar unguwa ko gefen masallaci, a kafa rumfar raga, a fara da iri ashirin na itatuwanmu na gida, kowanne da allonsa da Hausa da Fulatanci da sunan kimiyya. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ledar ruwan sha da muke zubarwa ta isa a rena dashe a ciki. Ƙwallon kuka da na ɗorawa suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare kafin su tsiro. Ƙwarar kaɗanya kuwa ɗanya ake shuka ta, in ta bushe ta mutu. Ruwan alwala da ke malala a banza ya isa ban ruwa, tun da mun san tsadar ruwa a wajen 'yan garuwa. Babban abokin gaba shi ne akuya, don haka duk abin da aka dasa a kewaye shi da bulo ko ƙaya. Gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itace miliyan ɗaya kowace shekara a 2019, amma gwamnati dasawa take yi ta wuce. Rayawa sai mutanen unguwa.

A ƙarshe, mun san akwai mai cewa a ransa, mu da muke baƙi, me ya kai mu dasa kaɗanya da sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta yi 'ya'ya? 'Yan uwa, iyayenmu da suka zo cinikin auduga da fatauci, wasu tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gombe a farkon shekarun 1960, su ma da niyyar komawa suka zo. Ga kaburburansu nan, ga mu nan, ga jikokinsu da ba su san wani gida ba sai wannan. Mutumin da ya dasa itacen da ba lallai ya ci 'ya'yansa ba, ya gaya wa maƙwabtansa cewa ya ɗauki garin nan gida, kuma yana so ya bar shi da kyau fiye da yadda ya same shi. Malamai ma sun sha gaya mana cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukarka, sadaka ce a gare ka.

Saboda haka muna roƙon a naɗa mutum biyar kafin a tashi, maza uku mata biyu, su rubuta takardun izini, su nemo filin, su kawo wa taro mai zuwa lissafin kuɗin mota da na raga. Iyaye kuma duk wanda ke da ƙwallon wani itace daga garinsu, ya kawo.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.