Kuskuren Da Ya Zama Dabara: Darasi Daga Bruce Onobrakpeya



Mutumin da za mu tattauna a kansa yau ba Bahaushe ba ne, amma a ƙasar Hausa idonsa ya buɗe. An haifi Bruce Onobrakpeya a shekarar 1932 a Agbarha-Otor, cikin ƙasar Urhobo. A 1957 ya shiga kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne, cikin 1958, shi da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da wasu suka kafa ƙungiyar masu zane. Kukansu shi ne ana koya musu zane irin na Ingila, sai ka ce kakanninsu ba su taɓa ƙawata kome ba. Saboda haka suka ƙudura su haɗa dabarun Turawa da gadon gida.

Cikin 1967, yana shirya farantin ƙarfe na buga zane, sai ya zuba masa asid wanda bai dace ba, farantin ya ɓaci. Da wani ne, da ya yar. Shi kuwa ya cike ramukan da wani danƙo mai suna Araldite, ya buga a takarda, sai ga zane mai tudu da kwari irin wanda bai taɓa samu ba. Wannan dabara ya kira filastogiraf. Daga baya ya riƙa haɗa ƙarfe da katako da tarkacen injuna cikin aiki guda, kuma a 1998 ya fara tara masu zane a garinsu don su gwada kayan aiki tare.

To, ina namu gwajin? Daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun muna da yumɓu, da ƙwarya, da fata, da baba, da kaba, muna kuma da hannuwan da suka san su. Amma ɗalibinmu yana jin kunyar zama gaban maginiyar tukwane, ma'aikacinmu kuma ya fi son kalandar waje a bangon ofishinsa. In masu ilmin zamani sun raina sana'a, yara za su guje ta, ta bi tsofaffi kushewa.

Roƙonmu guda ne: wannan hutu, kowa ya nemi gwani a garinsu, ya durƙusa ya koya, ya gwada, ya ɓata, ya sāke. Da koyo akan iya.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.