Ina Ragon Kirista? Jawabi ga Jama'ar Watari

Abin da ya tara mu yau tambaya ce guda, wadda na sha ji a bakin mutanen ƙasar nan, tun daga Bagwai har Bichi. Su kan ce, Musulmi ya na yanka ragonsa ran Babbar Salla, Bamaguje kuma da can ya na yanka nasa wajen tsafi, to, Kirista fa, ina nasa ragon? Tambayar kuwa ba ta wasa ba ce, gama mutumin da ba a ga ya zub da jini don Allah ba, a kan zaci ko dai rowa gare shi, ko kuwa ba shi da addini. Saboda haka zan bayyana muku abin da Kirista su ke riƙe da shi a kan wannan, don maƙwabci ya san maƙwabcinsa.

Mu fara daga gida. Da yawa cikin Hausawan ƙasar Kano da su ke Kirista yau, kakanninsu Maguzawa ne. Wani masani ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya rubuta al'adunsu. Mai gida shi ke yanka wa iskoki kaza ko akuya, kowane iska da launin dabbar da ya ke so, don a sami damina mai albarka, ko haihuwa, ko sauƙin ciwo. Amma yankan nan ba ya ƙarewa. An yi bana, baɗi ma sai an sake.

To, a cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga shi duka da Hausa a 1932 bisa aikin Likita Miller na Zariya da abokansa, akwai labarin hadayun Isra'ilawa. Mafi girma cikinsu ita ce ta Ranar Kafara, ran goma ga watan bakwai na shekararsu. Sai a kawo bunsuru biyu, a yi musu ƙuri'a. Ɗaya a yanka, babban firist ya shiga da jininsa wuri mafi tsarki, inda ba mai shiga sai shi kaɗai, sau ɗaya tak a shekara. Ɗayan kuwa ya ɗora hannuwansa a kansa, ya faɗi laifofin jama'a duka, sa'an nan a kora shi jeji. Ma'anar ke nan: zunubi ba abin da a ke sharewa da baki ba ne, kaya ne mai nauyi, sai wani ya ɗauka. Haka aka yi ta yi, har Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, yanka ya tsaya a can.

Nan ne Kirista suka rabu da sauran jama'a. Su kan ce jinin dabba ba ya iya biyan bashin mutum, ishara ce kurum, kamar yadda inuwa ta ke nuna akwai itace. Ga imaninsu, Yesu Almasihu shi ne hadayar gaskiya, ya ba da ransa a kan gicciye sau ɗaya, ya tashi a rana ta uku, bashin ya biyu, ba sauran sakewa. Shi ya sa su ke kiransa Ɗan Rago na Allah. Watau amsar Kirista ita ce, ragonsa an riga an bayar, ba kuwa shi ya saya ba. Abin da ya rage masa sai tunawa, shi ne su ke yi da gurasa da ƙoƙo a Jibin Ubangiji, da kuma lokacin Ista. Ku sani Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, layyarsu kuma bin sunnar Annabi Ibrahim ce. Wannan bambanci ne na gaske, ba kuwa amfani a ɓoye shi. Amfani shi ne kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ke nufi.

Yanzu wani zai ce, ashe Kirista ya sami banza, ya yi ta zunubi tun da an biya masa. Nan ne maganar tsarki ta shigo. Koyarwarsu ita ce, ba abin da ke shiga ciki ke ƙazantar da mutum ba, sai abin da ke fitowa daga zuciya: ƙarya, da hassada, da zina, da cin haƙƙin wani. Ruwan baftisma alama ce ta wankan zuciya, in zuciya ba ta tuba ba, jiki kaɗai ya jiƙa.

Ga misali daga gonakinmu. Kun san ƙasar nan a cike ta ke, gona na jingine da gona, gamba ce kaɗai iyaka. A ce wani ya riƙa cin kunya guda daga gonar gwauruwa kowace damina, sa'an nan da kaka ya kai damin dawa majami'a baikon godiya. Bisa koyarwar Yesu, sai ya ajiye baikon tukuna, ya koma ya shirya da wadda ya zalunta, kana ya dawo ya bayar. Akwai kuma labarin Zakka, mai karɓar haraji, wanda da ya tuba ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Gafara kyauta ce, amma ba ta hana mai da gamba wurinta.

Akwai kuma hadayar da Kirista ya ke yi da jikinsa, watau hidima. A shari'ar Isra'ilawa kuturu marar tsarki ne, a bayan gari ya ke zama. An rubuta cewa Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Bin wannan ne ya sa mishan ɗin SIM ya karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya kusa da Kano wajen 1937, ya kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943, inda mabiya kowane addini su ke samun magani. Ekklesiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954, daga wannan mishan ta fito.

To, jama'a, in kun ga maƙwabcinku Kirista bai ɗaure rago a ƙofar gida ba, kada ku ce rowa ce. Ku dubi mudunsa a kasuwa, ku dubi iyakar gonarsa, ku dubi yadda ya ke riƙon maraya. Kai kuma Kirista, nan ne za a nemi shaidarka, gama wanda ya ce an wanke shi, ba ya komawa ya kwanta cikin taɓo. In an aiko maka da naman layya, ka san alheri aka nufa, kai ma ran Kirsimati kada tuwonka ya tsaya a gidanka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da juna. Haza wasalam.