Wa Za A Kira Da Tsakar Dare? Jawabi Kan Wayar Taimakon Jama'a A Birnin Zariya



Za mu soma da tambaya guda. Idan naƙuda ta tsananta ga wata baiwar Allah a wani lungu na Kwarbai ko Limancin Kona da ƙarfe biyu na dare, maigida kuwa ya yi tafiya, wa za a kira? Asibiti dai akwai shi. Ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ya koma Shika a 2005. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai ce wa mai neman taimako, "Je ka wuri kaza, ga kuma wanda zai kai ka."

Wannan damuwa ta daɗe. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti nan Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa ainun ga matan da ba su je awo ba, waɗanda ba a kawo su ba sai da abu ya ɓaci. Watau jinkiri ya kashe mata da yawa da magani zai iya ceta.

Wasu ƙasashe sun rage irin wannan jinkiri da wayar tarho. A Landan aka buɗe lambar gaggawa ta 999 a 1937. A birnin Atlanta na Amurka kuwa, a 1997 aka fara lambar 211, wadda aikinta shi ne ta haɗa mabuƙaci da inda zai sami magani, ko abinci, ko wurin kwana. Mu ma tun da wayar salula ta shigo a 2001 tana hannun kusan kowane gida, kuma muna da 112 don gaggawa da 6232 ta hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa.

Amma birninmu yana da halinsa. Ba a neman gida a cikin ganuwa da lamba, sai da kwatance: bayan masallaci, kusa da marina, zaure na uku. Mota ba ta shiga kowane lungu. Har ila yau, baƙo namiji iyakarsa zaure, alhali kuwa waya tana isa har ƙuryar ɗaki ba tare da ta keta mutuncin kowa ba. Saboda haka muna ganin wajibi ne a sami lamba ɗaya ta birni, kyauta, wadda mai amsa ta zai ji Hausa, ya san unguwanni, mace kuma ta sami mace 'yar'uwarta da za ta gaya wa abin da kunya ke hana ta faɗa.

Mai amsawar nan ba likita ba ne, kada kuma ya rubuta wa kowa magani. Aikinsa ya riƙe littafi mai sunayen direbobin da suka yarda a tashe su da dare, da masu ba da jini, da ranakun awo da na allurar rigakafi, da inda ake duba masu sikila da masu taɓin hankali, da ƙungiyoyin da ke tallafa wa marayu. Tilas ne kuma ya zama mai riƙon asiri, don ranar da sirrin gida ɗaya ya fita, ranar jama'a za su daina kira.

Tushen aikin yana nan tun kaka da kakanni: masu unguwanni, da limamai, da ungozomomi, a ƙarƙashin fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu ɗalibai, musamman masu koyon aikin likita da jinya, za mu iya bin unguwanni a lokacin hutu, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, mu tattara wannan littafi mu miƙa wa hukuma. Da dukiyar talakawan nan aka ilimantar da mu, kuma wannan kaɗan ne daga bashin da ke kanmu.

Allah ya ba mu ikon sauke shi.