Laƙabin Ƙungiyar Wasa: Na Gida Ko Na Aro?



Laƙabin ƙungiyar wasa kirari ne, kirari kuwa asalin mai shi yake faɗa. Kafin samun mulkin kai a 1960, Red Devils ake ce wa ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu. Daga baya ta koma Green Eagles, saboda koren tuta da gaggafar tambarin ƙasa, sannan Super Eagles a 1988. Kano Pillars kuwa, wadda aka kafa a 1990, da harshen gida ake yi mata kirari: Sai Masu Gida.

To, ɗaliban Birnin Kudu da Gwaram, in ƙungiyarku ta jami'a tana neman tambari, ga shanun da mutanen da suka zana a Dutsen Habude. Kayan aro ba ya rufe katara.