A Nuna Mana Alƙaluman: Lacca a kan Buɗe Bayanan Bincike



A shekarar 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu na Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka fitar da wata maƙala a kan bashin gwamnati. Sun duba ƙasashe 20 masu arziki daga 1946 zuwa 2009, suka ce da zarar bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, to tattalin arzikinta ya daina bunƙasa, har ma yana ɗan ja da baya. Maganar ta zo daidai lokacin da Turai ke fama da matsin bashi, don haka 'yan siyasa suka yi caraf suka kama ta. A majalisar Amurka da hukumar Tarayyar Turai an riƙa kafa hujja da ita wajen tsuke bakin aljihu, a rage abin da ake kashe wa talaka.

Kusan shekara uku bayan nan aka ba wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, aikin aji: ya zaɓi wata sananniyar maƙala ya maimaita lissafinta. Ya yi, ya sake yi, lissafi ya ƙi fitowa. Malamansa suka ɗauka shi ne bai iya ba, kamar yadda kowannenmu zai ɗauka. Daga baya ya rubuta wa marubutan, su kuma suka turo masa takardar Excel ɗin da suka yi aiki da ita. Yana buɗewa ya ga wajen haɗa jimla an tsallake ƙasashe biyar: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Ya kuma ga an ba shekara ɗaya tak ta ƙasar New Zealand, wato 1951, nauyi daidai da shekaru 19 na Birtaniya. Da aka gyara, ja da bayan nan na kashi 0.1 ya koma ci gaba na kashi 2.2. Marubutan sun amsa kuskuren jimlar, amma sun yi jayayya a kan sauran sukar.

Ni dai a wannan labari ban ga abin kunya a wurin Reinhart da Rogoff ba kamar yadda na ga abin yabo. Kuskure kowa na yi. Da sun ga dama sai su yi shiru da wasiƙar ɗalibin, kuma da har yau ana karantar da alƙalumansu a matsayin gaskiya. Abin tambaya shi ne me ya sa aka yi shekara uku ba wanda ya ga takardar, alhali ana yanke wa miliyoyin mutane hukunci da ita.

Mu da muka taso a gaban malaman hadisi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ba a karɓar ruwaya don girman rawanin mai faɗinta, sai an bi isnadi an ga wa ya ji daga wa. Isnadin binciken zamani abu uku ne: ɗanyun bayanan da aka tattaro, umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ta sarrafa su, da bayanin yadda aka bi aka kai ga sakamako. In babu ɗaya daga cikinsu, mai karatu ba shi da abin yi sai ya gaskata ko ya ƙi. A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 da aka buga a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kuma kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi irin na farko.

To, me ke hana mu buɗe bayananmu a nan gida? Na farko tsoro. Malami ya sha rana ya zaga ƙauyuka da takardun tambayoyi, da kuɗin aljihunsa, sai a ce ya ɗora komai a intanet wani da ke da wuta da kayan aiki ya kwashe ya riga shi bugawa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma duk wanda ya raina shi bai san tarihi ba. A 2007 Indonesiya ta daina aika samfurin ƙwayar murar tsuntsaye ga Hukumar Lafiya ta Duniya, saboda kamfanoni na yin rigakafi da shi su sayar a farashin da ita ba za ta iya saye ba. Sai a 2011 aka cim ma yarjejeniyar raba amfani. A watan Nuwamba na 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu, irin su Sikhulile Moyo da Tulio de Oliveira, suka sanar da duniya nau'in korona na Omicron ba tare da ɓata lokaci ba. Tukuicin da suka samu shi ne ƙasashen Turai da Amurka suka rufe wa ƙasashensu ƙofa. Kafin nan, a 2014, lokacin annobar Ebola, masu bincike a asibitin Kenema da ke Saliyo da abokan aikinsu sun saki tsarin ƙwayoyin cutar 99 ga kowa da kowa, kuma biyar daga cikin marubutan maƙalar sun rasu da cutar kafin ta fito. Saboda haka Afirka ba ta buƙatar wa'azi a kan kyauta. Abin da take nema shi ne a rubuta sunan wanda ya tattaro bayanai, a yi aikin tare da shi, amfanin kuma ya dawo inda aka ɗebo.

Amma ɓoyewa ba ta maganin sata, ɓacewa kawai take jawowa. Mun san inda bayanan ɗalibanmu ke ƙarewa: a filash da ya ɓata, ko a kwamfutar da ta mutu, kundin kuma yana kan kanta yana shan ƙura. Wanda ya ajiye bayanansa a rumbu irin Zenodo, wanda cibiyar CERN ke kula da shi kyauta, yana samun lamba ta dindindin da kwanan wata, kuma wannan ita ce shaidarsa ranar da wani ya ce aikin nasa ne. Ga misali kusa da mu: a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka saki NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa, Ibo, Yarabanci da Turancin Buroka da aka tantance. Masu bincike a ƙasashe da dama sun ɗora aiki a kai, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya ambaci sunansu.

Akwai abin da ba a buɗewa, wannan kuwa babu wasa a ciki. Bayanan marasa lafiya, ko hirar da aka yi da matar da ta tsere daga hannun 'yan bindiga, amana ce. Goge suna kaɗai bai isa ba. A ƙaramin ƙauye, shekaru da sana'a da yawan 'ya'ya sun isa a gane mutum. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta hau kanmu. Irin waɗannan sai a kulle su, a bayyana sharuɗɗan da mai bincike zai cika kafin a nuna masa.

Roƙona ga makarantar karatun gaba da digiri na farko shi ne kada a sa hannu a kan kundi sai ɗalibi ya miƙa bayanansa da umarnin lissafinsa ga ɗakin karatu, mai duba aiki daga waje kuma ya samu damar buɗe su kafin ranar kare kundi. Kwamitin ƙarin girma shi ma ya riƙa ba da maki a kan tarin bayanan da aka tsara aka ajiye, ba maƙala kaɗai ba, domin tsaftace su aikin makonni ne, kuma ba wanda zai yi shi muddin ba ya cikin lissafin zama farfesa. Malaman da ke koyar da dabarun bincike kuwa, su gwada ba ɗalibansu irin aikin da aka ba Herndon a zangon karatu mai zuwa, su fara da maƙalun sashensu.